Baƙar riga a kan farar takarda: nazarin hotunan Mario Giacomelli na makarantar limamai, 1961 zuwa 1963

A ɗaya daga cikin hotunan, samari ne sanye da dogayen baƙaƙen riguna, sun kama hannun juna sun yi da'ira suna juyawa, irin yadda 'yan mata suke yi a dandali idan gaɗa ta yi daɗi. Rigunan sun bubbuɗe saboda saurin juyi, bakin kowace riga ya narke kamar tawadar da aka shafa kafin ta bushe, fuskokin kuma da ƙyar mai kallo zai rarrabe su. Amma abin da ya fi riƙe ido shi ne filin da suke rawar a kansa, domin babu shi. Babu ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunsu, babu bango a bayansu, babu bishiya, babu sararin sama. Takarda ce kawai fara fat, samarin suna yawo a kanta tamkar haruffa.

Mario Giacomelli ne ya ɗauki wannan hoto da sauran 'yan'uwansa tsakanin 1961 da 1963, a makarantar horar da limaman cocin Katolika ta Senigallia, wani ƙaramin gari da ke gaɓar Tekun Adiriyatik a yankin Marche na ƙasar Italiya, arewa da birnin Ancona. Wannan nazari ya tsaya ne a kan wannan aiki guda ɗaya, daga shigar mai hoton makarantar zuwa ranar da aka rufe masa ƙofa. Na zaɓe shi ne saboda mutane da yawa, idan suka ga hoton gwaji irin wannan, sukan danganta shi da sa'a ko da tsadar kayan aiki, alhali a nan ana iya bin sawun kusan kowace shawara da aka yanke, a ga daga inda ta taso da abin da ta ci.

Yaron maɗaba'a

An haifi Giacomelli a Senigallia ranar 1 ga Agusta, 1925, a gidan talakawa. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 9, mahaifiyarsa kuma ta riƙe 'ya'yanta da aikin wankau a gidan gajiyayyu na garin, inda yaron yakan bi ta, yana ganin tsofaffin da suka rasa mai kula da su. Yana da shekara 13 ya shiga koyon aiki a maɗaba'a, kuma a ganina duk wanda yake son fahimtar hotunansa daga nan ya kamata ya fara.

A wancan zamani da hannu ake jera haruffan dalma, ɗaya bayan ɗaya, a juye, sannan a ɗaure su tamau, a shafa musu tawada, a danna a kan takarda. Mai wannan aiki yana karanta rubutu a birkice tun kafin ya gan shi a miƙe, kamar yadda mai hoto yake karanta nagatif, wato fim ɗin da aka wanke wanda fari da baƙi suke a juye a jikinsa. Abu biyu ne kawai a hannunsa, tawada da takarda, kuma injin ba ya buga toka-toka. Idan ana son launin toka a hoton jarida, sai an farfasa shi zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe waɗanda ido yake haɗawa daga nesa. Akwai kuma wani abu da wanda bai taɓa shiga irin wannan maɗaba'a ba ba zai yi zatonsa ba: farin da ke tsakanin kalmomi da layuka shi ma jera shi ake yi. Mai jera haruffa yana ɗauko guntayen ƙarfe waɗanda ba su kai haruffa tsayi ba, ya cusa su a inda yake son takarda ta zauna babu tawada. Ashe tun yana yaro Giacomelli ya san cewa fari abu ne da ake aunawa, a ajiye shi da hannu a wurin da ya dace.

A 1950 ya buɗe tasa maɗaba'ar mai suna Tipografia Marchigiana, da kuɗin da wata tsohuwa ta gidan gajiyayyun nan ta ranta masa daga abin da ta tara. Ya riƙe wannan shago kusan shekara 50, kuma ko bayan sunansa ya kai manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya bai bar shi ba. Hoto aikin Asabar da Lahadi ne a wurinsa, wankewa kuma aikin dare. A farkon shekarun 1950, ranar Kirsimeti, ya tafi bakin teku da kyamararsa ta farko, wata mai araha ƙirar Bencini Comet, ya ɗauki igiyar ruwa yana motsa kyamarar a hannunsa. Wato tun a ranar farko ya karya dokar farko da ake koya wa ɗan koyo, ta cewa a tsaya cak kafin a danna.

Dokar toka-toka

A garin nan akwai wani lauya mai suna Giuseppe Cavalli, wanda ake ganin girmansa a harkar hoto a duk Italiya. Shi ne jagoran ƙungiyar masu hoto da ake kira Misa, sunan kogin da ya ratsa Senigallia, kuma Giacomelli ya shiga cikinta a 1954. Salon Cavalli salo ne na natsuwa: haske mai laushi, toka-toka mai haske wanda yake sauka a hankali daga wannan mataki zuwa wancan, tsari mai tsabta. A Amurka ma, tun wajen 1940 masu hoto Ansel Adams da Fred Archer suka tsara hanyar da ta kasa haske zuwa matakai 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari sol, kuma abin da ake kira kyakkyawan bugu a wancan lokaci shi ne wanda ido zai ga zaren riga a cikin inuwa, ya kuma ga saƙar gajimare a cikin haske. Wanda ya bar inuwarsa ta toshe ko haskensa ya ƙone, ana ɗaukarsa bai iya ba.

Giacomelli ya zauna a gaban Cavalli ya koya, sannan ya kama wata hanya dabam. Daga 1954 ya koma gidan gajiyayyun da ya sani tun yana yaro, ya riƙa ɗaukar tsofaffi da filasha mai zafi wadda ba ta ɓoye tamoji ko ɗaya. A 1955 ya ci gasar ƙasa ta Castelfranco Veneto, inda Paolo Monti, ɗaya daga cikin alƙalan, ya kira shi sabon mutum a fagen hoto. A 1957 da 1959 ya je Scanno, wani ƙauye a duwatsun Abruzzo inda mata suke sa baƙaƙen tufafi, ya dawo da hotunan da mutane suka zama baƙaƙen siffofi a kan tituna masu ƙyalli. Saboda haka lokacin da ya isa ƙofar makarantar limamai a 1961, shekarar da Cavalli ya rasu, ya riga ya gwada baƙar riga a kan farin fili, ya san abin da takarda za ta iya ɗauka.

Shekarar zama

Kimanin shekara guda ya yi yana zuwa makarantar kafin aikin ya kankama. Yana zama da ɗaliban, yana sauraronsu, har suka saba da shi, suka daina gyara tsayuwa idan ya shigo. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin shaidar haƙurinsa, kuma haƙurin ne, amma yana da amfani na zahiri ga hoton kansa. Mutumin da ya san ana ɗaukarsa yakan daskare, ya haɗa ƙafa, ya kalli kyamara, kamar yadda kowa ya saba yi a situdiyo. Irin hoton da Giacomelli yake nema kuwa ba ya samuwa sai jiki yana cikin tafiya, riga tana tashi, hannu ya kai rabin hanya. Ba za a iya umartar saurayin da aka horar da shi a kan kamewa ya yi irin wannan motsi a gaban baƙo ba. Sai dai a jira har baƙon ya zama ɗan gida.

Rayuwar irin wannan makaranta addu'a ce da karatu da cin abinci a jere da barci a kan lokaci. Abin da Giacomelli ya zaɓa ya fitar wa duniya shi ne ɗan lokacin hutu: jifa da dunƙulen dusar ƙanƙara, buga ƙwallo, guje-guje, kaɗa mayafi a iska, da wannan rawa ta da'ira. Wannan zaɓi shi ne yanka na farko da aka yi wa gaskiyar wurin, tun kafin a kai ga ɗakin wanki.

Daga farfajiya zuwa takarda

Kyamarar da ya yi aikin da ita ƙirar Kobell ce, ta Italiya, wadda ya saya a tsakiyar shekarun 1950, aka yi mata gyare-gyare, daga baya har da salatif aka ɗaɗɗaure ta. Nagatif ɗinta babba ne, kusan santimita 6 a 9, kuma kowane naɗin fim ba ya kai hoto 10. Mai irin wannan kyamara ba ya dannawa barkatai.

Shawara ta farko ita ce wurin tsayuwa. Wasu daga cikin hotunan daga sama ya ɗauke su, yana leƙo farfajiyar. Idan aka kalli mutane daga sama, layin da ke raba ƙasa da sama yakan fita daga hoto, gine-gine su fita, ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya a bayan mutanen, kamar shafi. Ta biyu ita ce tsawon lokacin da ƙyauren kyamara yake buɗe. Idan ya buɗe ya rufe cikin kaso ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, mai gudu yakan tsaya cak a hoto. Idan aka bar shi ya daɗe, duk abin da ya motsa yakan bar jan sawu a kan fim. Giacomelli ya bar shi ya daɗe, shi ya sa bakin rigunan ya narke, wani lokaci kuma yakan ƙara da filasha ko da rana ce, wadda take kama wani sashe na jiki a tsaye yayin da saura yake gudana.

Sauran aikin a cikin duhu aka yi shi, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata, domin wanda ya tashi da waya a hannu ba lalle ya san abin da kalmar wanke hoto take nufi a asali ba. Fim leda ce da aka shafa wa gishirin azurfa. Inda haske ya bugi fim da yawa, idan aka tsoma shi a ruwan magani sai wurin ya yi baƙi ya yi kauri. Inda haske bai kai ba sai ya fito garau kamar gilashi. Shi ya sa komai yake a juye a nagatif: dusar ƙanƙara ta zama baƙa, baƙar riga ta fito garau. Daga nan sai a sa nagatif a na'urar faɗaɗa hoto, a haska fitila ta cikinsa zuwa kan takarda mai jin haske. Inda nagatif yake garau, haske yana wucewa ya ƙona takardar ta yi baƙi; inda yake da kauri, haske ba ya wucewa, takardar ta zauna fara. Idan mai wanki ya bar fim ya daɗe a cikin magani fiye da ƙa'ida, tazarar da ke tsakanin haske da duhu takan ƙaru, ƙwayoyin azurfa kuma su yi girma har a gan su kamar yashi. Ita ma takardar matakai gare ta, daga mai laushi zuwa mai tauri, ana ƙirga su daga 0 zuwa 5. Mai laushi tana riƙe kowane launin toka. Mai tauri ba ta da sassauci: abin da ya ɗan fi rabi duhu ta jefa shi baƙi, abin da ya ɗan fi rabi haske ta jefa shi fari.

Giacomelli ya tura kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai zuwa gefe guda. Wasu hotunan an ɗauke su bayan dusar ƙanƙara ta sauka, don haka yanayi ya riga ya share masa rabin filin. Inda ƙasa ko bango suka rage, hannunsa ne ya ƙarasa. A cikin 'yan daƙiƙun da fitila take haska takarda, mai bugu yana iya sa tafin hannunsa ko guntun kwali tsakanin fitila da takarda, ya tare haske daga wani wuri don ya zauna fari, yana ɗan karkaɗa hannun don kada iyakar ta fito, sannan ya ƙara wa wani wuri lokaci don ya ƙara duhu. Aiki ne na ƙirga a zuci da saurin yatsu, a ƙarƙashin jar fitila, kuma ba a ganin sakamakonsa sai takarda ta shiga magani siffofi sun fara tasowa. Idan bai yi ba, a jefar, a ɗauko wata. Wannan ne ya sa bugu biyu na nagatif ɗaya daga hannunsa ba sa zama daidai da juna.

Abin da aka rasa a wannan hanya ba kaɗan ba ne. An rasa fuskoki, don haka an rasa mutum ɗaya-ɗaya. An rasa maɓallan riga da ninkinta, an rasa ginin makarantar da duk abin da zai gaya wa mai kallo shekara ko gari. Duk abin da malaman hoto na lokacin suke kira kuskure yana nan: yashi, dishi-dishi, inuwa a toshe, haske a ƙone. Abin da aka samu kuwa yana fitowa ne a inda riga ta taɓa riga. Da yake babu toka-toka da zai raba su, baƙi biyu sukan haɗe su zama jiki ɗaya, da'irar samari ta koma siffa guda mai ƙafafu da yawa, kamar yadda harafi yake haɗuwa da harafi a rubutun ajami. Makarantar da take ɗinka wa kowa riga iri ɗaya don ta mayar da su jama'a ɗaya, ga shi bugun ya nuna hakan ba tare da an faɗa ba, ya kuma nuna ƙuruciyar da take neman fita ta ƙasan rigar. Ina ganin bugun da ya kiyaye duk matakan haske 11 ba zai iya faɗin wannan ba, domin ido zai shagala da bango da itatuwa da takalma.

Sunan da ya canza hotunan

Da farko ana kiran jerin hotunan da Pretini, wato ƙananan limamai, suna mai ɗan wasa da ƙauna, kuma har yau da shi mutane da yawa suka san shi. Daga baya Giacomelli ya raɗa masa wani suna da ya ɗauko daga baitin David Maria Turoldo, wanda shi kansa limamin Katolika ne kuma mawaƙi: Io non ho mani che mi accarezzino il volto, ma'ana ba ni da hannuwan da za su shafa fuskata.

Ko ɗigo ɗaya bai canza a kan takarda ba, amma duk wanda ya karanta wannan suna ya sake duban hoton zai ga wani abu dabam. Farin da ya yi kama da filin wasa sai ya zama rashin kowa. Waɗannan samari sun bar gidajen iyayensu da wuri, suna kuma kan hanyar ɗaukar alkawarin zama ba aure har ƙarshen rayuwa, kuma hannuwan da suke riƙe da su a da'irar na junansu ne kawai. Duk wanda aka taɓa kai shi karatu nesa da mahaifiyarsa yana ƙarami ya san yadda wasa yake yin zafi a irin wannan wuri, ya kuma san abin da yake biyo baya idan an kashe fitila. Sai dai akwai abin lura. Kaɗaicin nan fassarar mai hoto ce, maraya ɗan wankau, kuma samarin da ke cikin hoton ba su ne suka zaɓi baitin ba. Mai yiwuwa wasunsu sun ji haka, wasu kuma suna cikin farin ciki da zaɓinsu. Sunan yanka ne na ƙarshe, irin wanda aka yi wa bango da ƙasa, kuma ya fi su nauyi saboda zuciyar mutane ya shafa.

Yadda aka rabu

Kamar yadda Giacomelli da kansa ya ba da labari, wata rana ya kawo wa ɗaliban taba irin mai kauri da ake naɗewa da ganye, ya ɗauke su hoto suna sha, saboda wata gasar hoto da ta shafi taba. Da maganar ta kai kunnen shugabannin makarantar, sai aka hana shi shiga. Masu rubutu a kansa sukan kawo wannan a matsayin labarin ban dariya, amma ni ban gan shi haka ba. Duk ƙarfin aikin ya tsaya ne a kan cewa bai taɓa buƙatar kawo komai daga waje ba, ya jira har abin da ke cikin samarin ya fito da kansa. A ranar tabar ya shirya wasan da hannunsa, ya sa waɗanda suka amince da shi cikin abin da zai iya jawo musu hukunci, shi kuwa yana da shagonsa da zai koma. Amanar da aka yi shekara ana ginawa a yini ɗaya ta tafi.

Hotunan kuwa sun kama hanyarsu. A 1963 an nuna su a baje kolin Photokina da ke birnin Kolon na Jamus, kuma a wannan tsakanin John Szarkowski, shugaban sashen hoto na gidan adana fasahar zamani na New York, ya karɓi hotunan Scanno cikin taskar gidan. Giacomelli ya ci gaba da kallo daga sama a gonakin Marche, inda ya riƙa ɗaukar tuddai daga nesa, daga baya har daga jirgin sama, wani lokaci ma ya roƙi manoma su ja masa kunyoyi da tarakta a yadda yake so, gona ta fito a takarda kamar shafin da aka jera wa layuka.

Game da samarin makarantar, tun da aka rufe ƙofa babu sabon nagatif da ya ƙaru. Abin da ya rage masa shi ne waɗanda ya riga ya ɗauka a waɗannan shekaru, kuma ya ci gaba da komawa kansu shekaru da dama, yana sake bugawa da dare bayan ya rufe shago, yana tare haske a nan yana ƙarawa a can, a lokacin da waɗanda ke cikin hoton suka riga suka manyanta, suka watsu. Ya rufe maɗaba'ar a 1999, ya rasu a Senigallia ranar 25 ga Nuwamba, 2000.